Yatsu Uku Ƙasa da Kafaɗa: Wa Zai Biya Idan Allurar Rigakafi Ta Kauce?

Tsakanin allurar rigakafin da ta shiga daidai da wadda ta kauce, tazarar ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Ana koya wa ma'aikacin lafiya ya laluɓo ƙashin nan da ya turo a saman kafaɗa, ya sauko ƙasa da shi kimanin santimita 5, sannan ya soka allurar a tsakiyar tsokar dantse, inda nama ya fi kauri. Idan hannunsa ya haura sama kaɗan, tsinin allurar na iya zarce tsokar ya faɗa cikin wata 'yar jaka mai ruwa-ruwa da ke ƙarƙashinta, wadda aikinta shi ne hana ƙashi da jijiyoyi gugar juna. Shi kuwa ruwan rigakafi an haɗa shi ne domin ya tayar da garkuwar jiki. A cikin tsoka, wannan shi ne abin da ake nema. A cikin gaɓa, sai ya zama kumburi da raɗaɗi.

Likitoci suna bambanta wannan da tsamin hannun da kusan kowa ke ji na kwana ɗaya ko biyu bayan allura. Shi wannan yakan fara cikin awa 48, kuma ba ya sauka. Mako ya wuce, wata ya wuce, hannu ya ƙi ɗaguwa sama da kai, kwanciya a wannan gefen ta gagara, wani lokaci gaɓar ta sandare gaba ɗaya. A shekarar 2010 wasu likitocin gwamnatin Amurka suka wallafa bayanin mutum 13 da hakan ta same su, suka raɗa wa abin suna SIRVA, wato raunin kafaɗa da ya samo asali daga yadda aka yi allurar. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi diddigin kusan mutum miliyan 3 da suka karɓi rigakafin mura a Amurka, ya gano ƙarin mutum kusan 8 cikin kowane miliyan ɗaya da kumburin wannan jaka ya kama. Takwas cikin miliyan. Wajibi ne a riƙe wannan adadi tun daga farko, domin duk wanda ya ɗauki wannan magana ya mayar da ita hujjar ƙin rigakafi, to ya yi wa lissafi ƙarya. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya.

Amma takwas ba sifiri ba ne. Kuma tambayar da hukumomin lafiya na Abuja da Dutse suka daɗe suna kewayewa ita ce: idan mutum ya amsa kiran gwamnati, ya miƙa hannunsa domin kare kansa da maƙwabtansa, sai ya zama ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, wa zai ɗauki nauyinsa? A yau amsar ita ce shi da kansa. Nijeriya ba ta da wani asusu na dindindin da ke biyan wanda allurar rigakafi ta yi wa lahani. Wannan zalunci ne, kuma wauta ce ta fuskar tsarin lafiya, kuma Jigawa na da ikon gyara nata ɓangaren ba tare da jiran kowa ba.

Kada a ɗauka allurar kafaɗa abin Turawa ne masu rigakafin mura duk shekara. Mace mai ciki da ta je awo a Kazaure ana yi mata allurar tatanus a dantse. Maniyyaci daga Roni ba ya hawa jirgi sai da shaidar rigakafin sanƙarau. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Annobar mashaƙo da ta yi sansani a Kano a 2023 ta tsallako Jigawa, aka bi yara da allura. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai suna Men5CV, bayan cutar ta kashe mutum 153 a jihohi bakwai cikin kimanin wata biyar, kuma gangamin ya nufi fiye da mutum miliyan ɗaya masu shekara 1 zuwa 29 a Jigawa da Bauchi da Yobe. Mutanen Babura, da ke kan iyaka da Nijar, inda sanƙarau ke shige da fice ba tare da fasfo ba, sun fi kowa sanin darajar irin wannan gangami. Allurai ne masu yawa, a hannuwa masu yawa, cikin gaggawa.

A ƙaddara wata mata ce a ɗaya daga cikin ƙauyukan Gwiwa. Ranar gangami ce, layi ya yi tsawo, ana yi a gindin bishiya, maza na wucewa. Ba za ta naɗe hannun rigarta har sama a bainar jama'a ba, don haka sai ta ɗage hijabi, ta janyo wuyan riga ƙasa, abin da ya bayyana shi ne saman kafaɗa kawai. Tana zaune, mai allurar tana tsaye a kanta. Ita kuma siririya ce, tsokar dantsenta ba ta da kauri. Waɗannan abubuwa uku, janyo riga ta wuya, tsayuwar mai allura a kan wanda ke zaune, da ƙarancin nama, su ne ainihin abubuwan da likitoci ke gargaɗi a kansu. Babu mugunta a cikin lamarin ko kaɗan. Kunya ce da gajiya da sauri.

Bayan mako uku ba ta iya ɗaga taɓarya. Guga ba ya fitowa daga rijiya da hannu ɗaya, goyo ba ya hawa baya, tulu ba ya hawa kai. Da namiji ne, da damina ce za ta wuce shi, domin fartanya ba ta san uzuri ba, kuma riɗi ba ya jiran wanda kafaɗarsa ta warke. Za ta fara da kemis, a ba ta ƙwayar rage ciwo da man zafi. Daga nan sai mai ɗori ya murza, wanzami ya yi ƙaho, wata tsohuwa ta ce sanyi ne, wata ta ce iska. Idan akwai ɗan abin hannu a kai ta babban asibitin Kazaure, idan abin ya faskara a ce sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ga kuɗin mota, ga hoto, ga gashin ƙashi na makonni. A ƙarshe akuya ce za ta tafi kasuwa. Kuma duk matan unguwar sun ga ranar da aka yi allurar, sun ga ranar da hannun ya ƙi ɗaguwa.

Ƙofar kotu

Lauya zai ce ai doka ba ta rufe ƙofa ba: ta kai ƙara Babbar Kotun Jiha a kan sakaci. A rubuce haka ne. Sai dai wanda ya kai ƙarar sakacin asibiti shi ne zai tabbatar da cewa ma'aikacin ya gaza yin abin da takwaransa mai hankali zai yi, kuma wannan gazawa ce ta jawo raunin. Hakan na buƙatar likitan da zai tsaya a gaban alƙali ya ba da shaida a kan abokin aikinsa. A shari'ar Ojo da Gharoro, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2006, allurar ɗinki ce ta karye ta saura a cikin wata mata bayan tiyata a Benin, kuma duk da haka ta faɗi shari'ar, daga cikin dalilai har da rashin shaidar ƙwararre da za ta nuna sakaci. Idan ƙarfen da hoto ke nunawa a cikin mutum bai isa hujja ba, ina ga ramin allurar da ya ɓace bayan kwana biyu?

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan muni. Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda aka gada tun zamanin Turawan mulki, kuma jihohi na da irinta, ta ce duk wanda zai kai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya aikata a bakin aikinsa, to ya shigar cikin wata uku. Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi, ba mutane kaɗai ba. A ajiye wannan kusa da tsarin Amurka: a can, a bisa ƙa'ida, ba a ma sauraron kokenka sai ka nuna cewa lahanin ya haura wata shida, sannan kana da shekara uku ka shigar. Dalilin a fili yake, sai lokaci ya ja ake gane raunin gaske daga tsamin hannu. A nan kuwa, kafin matar Gwiwa ta gama zagayen kemis da mai ɗori, kafin wani likita ya gaya mata sunan abin da ke damun ta, wa'adinta ya ƙare.

Majalisar Likitoci ta Ƙasa tana iya dakatar da likita ko ta soke lasisinsa, amma ba ta biyan mara lafiya ko sisi. Kuma yawancin masu yin allurar a karkara ba likitoci ba ne. Ma'aikatan lafiya ne na matakin farko, irin waɗanda ke fitowa daga makarantar Jahun, da masu aikin wucin gadi da ake ba alawus na kwanakin gangami. To a ce an yi nasara a kan ɗaya daga cikinsu, me za a karɓa? Yarinya ce da ta yi allura ɗaruruwa tun safe ba ta zauna ba, ɗaya ta haura da faɗin yatsa. Tsarin da ke cewa sai ka kama mai laifi kafin a biya ka, yana tilasta wa talaka ya farauci talaka ɗan'uwansa, yana kuma koya wa kowane ma'aikaci cewa maslaharsa tana cikin musu da ɓoyewa.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a ba su labarin yadda neman diyya ta kotu yake. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, kuma har zuwa Agustan 1991 duk Jihar Kano ce. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka sani. Yara 11 suka mutu, wasu suka rayu da kurunta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma bai taɓa amsa laifi ba. Jaridar Washington Post ta tona batun a Disambar 2000, iyaye suka shigar da ƙara a New York a 2001, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a Agustan 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Shekara 15. Wannan kuwa shari'a ce da ke da gwamnati a bayanta, da lauyoyin New York, da idon duniya.

Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Lokacin da Kano ta dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, iyaye ba su yi wannan rarrabewa ba. Abin da suka tuna shi ne an ba yara magani, wasu sun mutu, shekara bakwai babu wanda ya zo ya ce komai. Dakatarwar ta kai har Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin ɗigon a Kano. Sai a Agustan 2020 aka iya shelanta cewa an raba Afirka da ƙwayar shan-inna ta asali.

Hujjar masu shiru

A nan ne masu tsara gangami ke kawo hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa: an sha wuya kafin a dawo da amincewar jama'a, idan yanzu gwamnati ta fito ta ce allura na iya yin lahani har ana biyan diyya, ai an miƙa wa masu jita-jita makami. Gobe saƙon murya zai zagaye WhatsApp cewa gwamnati da bakinta ta amsa.

Wannan hujja tana tsaye ne a kan zaton cewa idan hukuma ta yi shiru, jama'a ba su sani ba. Alhali a ƙasar Hausa babu garin da ba a san yaron da allura ta shanye wa ƙafa ba. Galibin irin wannan allurar zazzaɓi ce da aka yi a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiya, sau da yawa a shagon kemis, ba ta da alaƙa da rigakafi. Amma a idon uwa allura allura ce. Ta san allura na iya lahani, domin ta gani. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne ranar da wani ya zo daga hukuma ya ce kuskure ne, ga maganinsa, ga abin rage asara. Jami'in da ya tsaya a ƙofar fadar dagaci ya ce wannan allura ba ta da illa ko kaɗan, ya sayar da gaskiyarsa da araha, domin hannu ɗaya da ya sandare ya isa ya ƙaryata shi a gaban kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga hukuma ce ke yin ta da hannunta.

Ƙasashen da suka kafa asusun diyya ba don suna shakkar rigakafi suka yi ba. Jamus ta fara tun 1961, Birtaniya ta yi dokarta a 1979. Amurka ta yi tata a 1986 ne saboda ƙararraki sun kusa korar kamfanoni daga yin allurar tarin shiƙa, aka ga yara za su rasa rigakafin gaba ɗaya. Tsarin nasu mai sauƙin fahimta ne: ana ɗora harajin santi 75 a kan kowace cutar da allura ke karewa, kuɗin ya taru a asusu, a kuma rubuta jadawalin raunukan da aka yarda da su. Wanda raunin nasa ya dace da jadawali, cikin lokacin da aka ƙayyade, ba a tambayarsa wa ya yi laifi. A 2017 aka sa raunin kafaɗa a jadawalin, har ya zama shi ne mafi yawan koke. Tun 1988 asusun ya biya kimanin dala biliyan 5, kuma hukumar da ke kula da shi ta ce abin ya kama kusan mutum ɗaya cikin kowace allura miliyan. Ba tsari ne marar aibi ba: alƙalansa takwas ne kacal, ƙararraki sun yi musu yawa, kuma iyakar dala 250,000 ta raɗaɗi ba ta motsa ba tun 1986. A ƙarshen wa'adin Trump na farko an yi yunƙurin cire kafaɗa daga jadawalin, da hujjar cewa laifin hannun mai allura ne ba na maganin ba, aka janye yunƙurin a 2021. Wannan rarrabewa tana da daɗi a ofis. Ga wadda ba ta iya ɗaga taɓarya, kwalba da hannun da ya riƙe sirinji duk gwamnati ce ta aiko su.

Abin da ya fi ciwo shi ne Nijeriya ta taɓa shiga irin wannan tsari, kuma kusan babu wanda ya ji labari. Lokacin korona, kamfanoni suka ƙi sayar da allura sai ƙasashe sun sa hannu cewa su za su ɗauki nauyin duk ƙarar da ta taso. Domin rage wannan nauyi, a Fabrairun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin inshora na Chubb, aka kafa shirin diyya ba tare da neman mai laifi ba ga ƙasashe 92 da ke cin gajiyar COVAX, har da Nijeriya, wadda ta karɓi allurai kusan miliyan 4 na farko ranar 2 ga Maris na wannan shekara. Lissafin biyan ma a bayyane yake: a ɗauki matsakaicin arzikin mutum ɗaya na ƙasar a shekara, a ninka sau 12, a sake ninkawa da ma'aunin girman lahanin. Ga Nijeriya ta lokacin, mutuwa za ta kama wajen dala 24,000. Sharaɗin shi ne lahani na dindindin ko mutuwa, don haka yawancin masu ciwon kafaɗa ba za su shiga ba. Hanyar neman kuwa shafin intanet ce da takardun da likita zai cike. Gwamnatin Tarayya ta iya shelanta cewa daga 1 ga Disambar 2021 ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin allura ko sakamakon gwaji. Wannan sanarwa ta kai kowane lungu. A tambayi malamin makaranta a Roni ko ya taɓa jin ta diyyar. Afirka ta Kudu ta kafa nata asusun a 2021 ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai Sandile Ngcobo. COVAX kuwa an rufe shi a ƙarshen 2023, kuma dama allurar korona kaɗai shirin ya shafa.

Ƙaddara da lamuni

Akwai wata hujjar da ba a faɗa a taron bita, amma ita ce ke aiki a zaure: ƙaddara ce, a yi haƙuri, Musulmi ba ya neman kuɗi a kan abin da Allah Ya hukunta. Wanda ya faɗi haka bai karanta fiƙihun da yake jingina da shi ba. Kisan kuskure ma ƙaddara ne, kuma Alƙur'ani ya wajabta diyya a kansa. Malaman Malikiyya sun yi magana filla-filla a kan lamunin mai magani: wanda ya yi magani ba da sani ba, shi zai biya, ƙwararren da hannunsa ya kuskure, kamar wanzamin da ya zarce wurin kaciya, hukuncinsa hukuncin kuskure ne, ana biyan diyya ba tare da ƙisasi ba. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, hannu ɗaya rabinta ne, kuma hannun da ya daina aiki daidai yake da wanda aka yanke. Raunin da bai kai haka ba, masana ke ƙimanta shi gwargwadon abin da ya rage wa mutum.

Abin lura a nan shi ne wa ke biya. A mazhabar Malik, idan diyyar kuskure ta kai sulusi ko fiye, ba a ɗora ta a kan mai kuskuren shi kaɗai, danginsa na wajen uba ko abokan diwaninsa ne ke tarawa, idan babu su a koma baitulmali. Wato an gane tun ƙarnoni cewa kuskure abu ne da ke faruwa ga mai aiki, a raba nauyinsa ga jama'a, kada a bar wanda aka ji wa rauni hannu banza, kada kuma a karya wanda ya yi kuskuren. Wannan shi ne ruhin asusun da ake magana a kai. Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000 ba ta da uzurin ɗaukar wannan a matsayin baƙon tunani. Yafewa falala ce, amma mai haƙƙi ne ke yafewa bayan an miƙa masa haƙƙinsa. Ba wanda ake bi bashi ne ke yafe wa kansa ba.

Saura batun 'yan damfara da batun kuɗi. Gaskiya ne, a shari'ar Trovan sama da mutum 500 ne suka fito alhali yara 200 aka yi wa gwajin, kuma duk inda aka ce ana rabon kuɗi, kafaɗu da yawa za su fara ciwo. Maganin wannan shi ne jadawali mai tsauri: katin allura mai kwanan wata, ciwo a hannun da aka yi allurar, farawa cikin awa 48, babu tarihin ciwon wannan kafaɗa, likita ya auna iyakar motsin gaɓar, a sake aunawa bayan wata uku da wata shida. Kuma a sa kaso mafi girma ya zama magani da gashi da kuɗin mota, abin da mai ƙarya ba ya sha'awa. Rabin aikin ma yana nan a ƙasa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, akwai takardar rahoton abin da ya biyo bayan allura, wadda ta tanadi gurbin kuskuren yin allurar, akwai kwamitin ƙwararru na ƙasa da ke tantance dalili, NAFDAC na da manhajar Med Safety tun 2020. Bayanai suna hawa sama zuwa Abuja da Janeba, babu abin da ke saukowa. Wanda ya san ba zai samu komai ba kuwa ba ya ɓata kuɗin acaɓa ya je kai rahoto, don haka takardun ke nuna komai lafiya.

Kuɗin ba shi da yawa, tunda lahanin ba shi da yawa. Ko da adadin Amurka ya ninka sau goma a yanayin gangamin karkara, mutum 80 ne cikin miliyan. Ƙasar nan ta riga ta san irin wannan tsari: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 tana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashi daga masu ɗaukar aiki, tana biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki ba tare da tambayar laifin wa ba ne. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga lafiya a matakin farko. Jigawa ita kanta, a zamanin Sule Lamido, ta yi dokar biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata a 2007, lokacin da sauran jihohi ba su yi tunanin haka ba. A asibitocin jihar, ƙungiyar New Incentives tana ba iyaye mata kuɗi a hannu idan sun kawo jarirai rigakafi, kuma abin ya yi amfani. An yarda ke nan cewa kuɗin mota da aikin yini ɗaya da uwa ta rasa sun cancanci a biya ta. Aikin wata shida da hannu ya rasa fa?

Akwai kuma waɗanda aka ci bashin mutuncinsu. Tun 2009, lokacin da Muhammad Ali Pate ke shugabantar hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, kuma hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautun Kazaure da Ringim suka shiga gida-gida suna cewa a fito da yara, mun lamunce. Kano ma a 2011 ta yi barazanar gurfanar da iyayen da suka ƙi. Ranar da hannu ya sandare, ma'aikatan gangami sun koma, motar da ta kawo su ta tafi. Mai unguwa ne ke nan, shi ake tsarewa a ƙofar masallaci, kuma ba a bar masa ko takardar da zai cike ba. Pate ya zama ministan lafiya a 2023, ya san nauyin wannan lamuni fiye da kowa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Majalisar Dokokin Jigawa ba ta buƙatar izinin Abuja kafin ta yi doka a kan asibitocinta da ma'aikatanta. Doka gajera ta isa: asusu a ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, kwamitin tantancewa a manyan asibitocin Kazaure da Babura da takwarorinsu, wa'adin shekara uku maimakon wata uku, takardar koke da Hausar boko da ajami, da sashe guda da zai ce rahoton kuskure ba zai zama hujjar korar ma'aikaci ba sai in an ga ganganci. Wannan sashe na ƙarshe shi ne zai fi rage raunin kansa, domin idan rahoto uku suka fito daga mazaɓa ɗaya, an san inda za a aika mai horarwa. Abin da zai koyar kuwa ba ya cin awa guda: a kafa labule ko a samu ɗaki domin mata su fitar da hannu gaba ɗaya, mai allura ta zauna idan wadda za a yi wa tana zaune, a zaɓi tsawon allura daidai da jikin mutum, a ɗora yatsu uku a ƙasan ƙashin kafin a soka.